Shafi Ukun da Na Cire

Talata, 25 ga Nuwamba 2008, ƙarfe 4 na yamma

Oga Labaran ya kira ni ina cikin tasi a Titin Bauchi. Shi ne daraktan fim ɗinmu, kuma idan yana murna ihu yake yi a waya, har direba sai da ya waiwayo.

"Madina! Mun shiga!"

An fitar da sunayen waɗanda za su kara a gasar fina-finai ta ƙarshen shekara. Fim ɗinmu, Shago Mai Lamba Tara, ya shiga wuri uku: jarumar shekara, ɗaukar hoto, da sauti. Na jira ya ambaci labari, tunda ni na rubuta shi. Bai ambata ba.

Na ce, "Oga, labari fa?"

Ya yi gyaran murya ya ce, "Baɗi, in Allah ya kai mu."

Nkiruka ce jarumar. Ta cancanta, wallahi ta cancanta. Na nemo lambarta a waya, na zuba mata ido, na mayar da wayar jaka. Wata huɗu ke nan ba mu yi magana ba. Mu da muka tashi ƙofa na kallon ƙofa a Laranto, muke cin abinci a kwano ɗaya a shagon mamanta, kafin mu mu taso mu dawo nan bayan Titin Bauchi.

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe

Na sayi mujallar fim. Mai sharhinsu ya ba mu rabin shafi. Na kwafe nan don in daina buɗe mujallar:

"Nkiruka ta ɗauki fim ɗin nan a ka, kamar mai ɗauke da tulu, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Amma labarin da aka ba ta akwai rami a tsakiyarsa. An ce mana wayar lantarki ce ta ƙone shagon matar. To me ya sa take yi wa ɗan maƙwabta wannan kallon har ƙarshen fim? Ko dai marubuciyar ba ta san labarinta ba, ko kuwa jarumar ta san wani abu da ba a gaya mana ba."

Ban san mutumin ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau zaɓe. Na je na dawo. Mahdi ƙanena ya tafi Bauchi da motar haya, sai jibi zai dawo.

Gobe zan kira Nkiruka in yi mata murna. Gobe da safe, kafin in sami abin fakewa da shi.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 9 na safe

Rikici ya ɓarke a gari, Inna ta hana a buɗe ƙofa. Akwai hayaƙi ta wajen Laranto.

Ƙarfe 1 na rana

Wayarta a kashe. Ta mamanta ma a kashe.

Ƙarfe 5 na yamma

Mahdi ya bugo daga Bauchi, yana lafiya, an ce kada motoci su shigo. Na ce alhamdu lillahi yana Bauchi. Na sake faɗa. Na kuma faɗa na uku da ƙarfi, Inna ta ɗago ta dube ni. Ba ta tambaye ni dalili ba, ni ma ban dube ta ba. Muka ci gaba da tsince shinkafar da babu mai ci.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da azahar

A kashe.

Litinin, 1 ga Disamba, ƙarfe 10 na safe

An sa dokar hana fita. Jiya aka kai Musaddiq tela, na layin bayanmu. Shi ya ɗinka duk kayan da aka sa a fim ɗinmu, har da jan zanen da Nkiruka ta ɗaura a fitowar ƙarshe. Ya fita ne ya ɗauko 'yarsa daga gidan kakarta. Yarinyar ta dawo.

Matarsa ba ta yi kuka ba da muka shiga. Tana ta tambayar kowa ko ya sha ruwa.

A kashe har yanzu. Na kira sau tara.

Laraba, 3 ga Disamba, ƙarfe 3 na yamma

Zaman gida ya ishe ni, na ɗauko fayafayan sauran fina-finan da suka shiga gasar, waɗanda Oga Labaran ya ba ni tun watan jiya. Na kalli uku kafin a ɗauke wuta.

Duk cuta ɗaya ce. A na farko wani dattijo ya fito a matsayin ma'aikacin haƙar kuza da aka sallama. Akwai inda yake naɗe tsohuwar rigar aikinsa, na ji kamar in tashi in taya shi. Minti goma bayan haka sai ga wani ɗan'uwa da ba a taɓa ambata ba ya sauko daga mota ya gyara masa rayuwa. A na biyu jarumar ta yi abin da ya tsaya mini a rai, amma da labarin ya kai inda ya kamata a faɗi gaskiya sai aka sako waƙa da rawa a kan dutse. Na ukun ma haka.

Da can dariya nake yi wa irin waɗannan marubutan, in ce ba su iya ba. Yau ina kallo ina tambayar kaina: kai kuma me ka cire? Wa kake karewa?

Ɗan wasa ba shi da wurin ɓuya, fuskarsa ce a gaban kyamara. Mu masu biro muna bayan labule.

Juma'a, 5 ga Disamba, ƙarfe 2 na rana

An sassauta doka da rana, na ce wa Inna zan je sayo magani, na tafi Laranto. Sojoji sun tsayar da mu sau huɗu, kowa ya sauko ya ɗaga hannu sama.

Gidansu na nan, bai ƙone ba. Ƙofar ce babu. Na yi sallama na shiga. Labulen ɗakin Nkiru yana nan, katifa babu, madubinta a ƙasa. A tsakar gida akwai tukunya da busasshiyar miyar egusi, cokali a ciki.

Wata tsohuwa da ban sani ba ta leƙo ta katanga ta ce motar sojoji ta kwashi mutanen layin ranar Asabar. Na ce har da mai gidan nan da 'yarta? Ta ce ita ba ta ƙirga ba.

Na wanke tukunyar na kife ta. Ban san me ya sa ba.

Asabar, 6 ga Disamba, da hantsi

Mahdi ya dawo. Ya rame. Inna ta riƙe kansa tana ta shafawa kamar ba mai shekara ashirin da shida ba.

Ya tambayi kowa a unguwa, gida gida. Bai tambayi mutanen Laranto ba.

Litinin, 8 ga Disamba, ranar Babbar Sallah, bayan azahar

Sallah ba armashi. An yanka, an raba, kowa ya koma ɗaki.

Duk shekara cinya guda ta gidan su Nkiru ce. Ni nake kaiwa, Maman Nkiru ta karɓa tana cewa, "Wannan rago ya yi ƙiba fa, ku gaishe shi." Ranar Kirsimeti kuma Nkiru ta kawo mana shinkafa da kazar da Mahdi ya je ya yanka musu da hannunsa, don mu iya ci. Ko bayan abin da ya faru shekara bakwai da suka wuce ba a fasa ba. Sai dai tun daga lokacin wani ake nema ya yanka kazar.

Inna ta ware cinyar kamar kullum, ta sa mata gishiri ta rataye.

Laraba, 10 ga Disamba, ƙarfe 12 na rana

Tana da rai. Tana da rai. Su biyun duka.

Oga Labaran ne ya faɗa mini. Suna Rayfield, a gidan wani kawunta Livinus. Wayarta ta faɗi a wajen gudu, ta yi sabon layi. Masu shirya gasar sun same ta ta hannun mai ɗaukar hotonmu, sun yi magana da ita tun ranar Lahadi.

Tun ranar Lahadi.

Na ce, "Oga, ba ni lambar."

Ya ce, "Madina, ta ce kada in ba kowa."

"Kowa ta ce, ko ni?"

Ya ce caji ya kusa ƙarewa.

Na yi sujada na gode wa Allah. Daga nan na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Inna ta ji.

Alhamis, 11 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, ko sau ɗaya, tunda littafin nan ba mai karanta shi.

Labarin fim ɗin na Maman Nkiru ne. Shagonta ne mai lamba tara, wanda ya ƙone a Satumbar 2001. Bara ni da Nkiru muka zauna a gabanta kwana uku tana ba mu labari, ina rubutawa. Ba ta ɓoye komai ba. Da ta zo kan wanda ta gani a bakin ƙofar shagon ranar, ta dube ni ta ce, "Madina, kin san shi. Ba sai na kira suna ba." Ta ce in rubuta, ba don a kama kowa ba, don dai a san an yi.

Na rubuta daidai, na canza sunaye kawai. Nkiru ta haddace. Ta ce wannan ne fim ɗin da ta shigo harkar dominsa.

Ana saura kwana biyu a ɗauki wurin gobarar na cire shafi uku. Na sa wayar lantarki a madadinsu. Na ce wa Oga Labaran ainihin labarin zai iya tayar da hankali, kasuwa ma ba za ta karɓa ba. Ya yarda nan take, har ya yaba mini da hangen nesa. Ba kasuwa nake tunani ba. Inna nake tunani, da ranar da za ta zauna gaban talabijin ta gane.

A wurin ɗauka na miƙa wa Nkiru sababbin shafukan a gaban mutane. Ta karanta a tsaye. Ta ɗago ta dube ni, ta ce wa darakta, "Na shirya." Ta faɗi duk kalmar da na rubuta, ba ta canza ko ɗaya ba. Amma duk lokacin da yaron da ya fito a ɗan maƙwabta ya shigo, sai ta yi masa wannan kallon. Ba harara ba ce. Kallon wanda ka goya ne.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin a watan Yuli, mutane suka miƙe suna tafi. Ta same ni a baranda ta ce, "Madina, kin sa na yi kuka a kan wayar wuta." Ta wuce. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Asabar, 13 ga Disamba, ƙarfe 5 na yamma

Mahdi bai taɓa kallon fim ɗin ba. Kullum sai ya ce ba shi da lokaci. Yau babu fasinja, yana gida, aka kawo wuta, Inna ta ce a sa mata "na Madina" ta sake gani. Ya zauna a bakin ƙofa yana gyaran rediyo, wai ba kallo yake yi ba.

Da aka zo wurin da Nkiru take tsaye cikin toka, ɗan maƙwabta ya zo yana yi mata jaje, ta ɗago ta dube shi, sai na ji rediyon ya faɗi. Mahdi ya tashi ya fita.

Na same shi a bayan gida ya dafa katanga.

Ya ce, "Yaya, ke kika ce ta yi haka?"

Na ce, "A'a. Ni cirewa na yi."

Ya ce, "Haka Maman Nkiru ta dube ni ranar. Haka ɗin nan. Ina Nkiru ta samo shi?"

Daga ɗaki muna jin Inna ta ƙara sautin talabijin.

Talata, 16 ga Disamba, da safe

Na yi mafarkinta. Muna 'yan makaranta, tana cin ɗanwakena tana cewa yaji ya yi yawa, tana ci.

Alhamis, 18 ga Disamba, ƙarfe 6 na yamma

Oga Labaran ya zo har gida. Bai zauna ba. Ya ce gobe da sassafe Nkiru da mamanta za su tafi garinsu Nnewi, kuma ba hutun Kirsimeti ba ne, tafiya ce gaba ɗaya. Ba za ta je Abuja wajen bikin gasar ba.

Ya ce, "Ban gaya miki komai ba. Motar ƙarfe bakwai ce."

Juma'a, 19 ga Disamba, ƙarfe 11 na safe

Na isa tasha shida da rabi. Ban taɓa ganin kaya haka ba: katifu, kekunan ɗinki, firji, har da ƙofar ƙarfe wani ya ɗauko. Mutanen da na sani tun ina yarinya, kowa na kawar da kai.

Maman Nkiru ce ta fara ganina. Tana zaune a kan buhu. Ta buɗe hannu ta ce, "Madina! 'Yata! Zo nan." Ta rungume ni, ƙamshin man zafinta yana nan yadda na san shi. Ta ce, "Ya Inna? Ƙafansa ya yi sauƙi? Ki ce masa ya daina tsayuwa da yawa." Na gyaɗa mata kai.

Nkiru ta zo da tikiti a hannu. Ta yanke gashinta. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kin rame."

Na ce, "Ke ma."

Muka matsa bayan motar, inda ake ɗaure kaya. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Nkiru, ba wayar wuta ba ce."

"Na sani."

"Mahdi yana cikinsu. Shi ne ya riƙe jarkar kananzir ɗin."

Shekara bakwai ban taɓa faɗar wannan da bakina ba, ko ni kaɗai a ɗaki.

Ta ce, "Madina, ina cikin shagon ranar. Ina ƙarƙashin kantar sayar da kaya, ta taga aka fitar da ni. Ba labari nake nema a wurinki ba."

"To me kike nema?"

"Da na nema. Yanzu mota nake jira."

Kwandasta ya fara kiran lambobi. Ta juya, sai kuma ta tsaya. Ta ce, "Da kin zo kin ce mini, Nkiru tsoro nake ji, ƙanena ne, wallahi da na gane. Ni ma ina da ƙane. Da mun zauna mun san yadda za mu yi. Amma kika miƙo mini takarda a gaban mutane kamar ba ki san ni ba."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ce idan na sake rubuta shi daidai fa, za ta fito? Ta yi 'yar dariya ta ce ita da fim sun rabu, za ta taya mamanta buɗe shago a can. Ta ce Hausa take mafarki da ita, ba ta san me za ta yi da ita a Nnewi ba.

Na ce, "Ba ni lambarki."

Ta ce, "Taki tana kaina, ba ta faɗi da wayar ba. Ni zan kira, in na isa."

Ta gyara mini mayafi da ya zame, kamar yadda take yi tun muna yara, ta hau. Kujerarta tana ɗaya ɓangaren, ban ga fuskarta ba da motar ta tashi. Maman Nkiru ce ta yi ta ɗaga mini hannu har suka sha kwana.

Asabar, 20 ga Disamba, ƙarfe 5 na yamma

Yau ake bikin a Abuja. Ban je ba.

Tafiyar Nnewi yini ɗaya ce. Sun isa tun jiya.

Lahadi, 21 ga Disamba, ƙarfe 8 na safe

Ta ci. Jarumar shekara. Oga Labaran ne ya hau ya karɓar mata. Ya ce da aka nuna guntun fim ɗin a babban allo, wurin kallon nan, zauren ya yi tsit, sannan kowa ya miƙe. Ya ce shugaban alƙalan ya ja shi gefe ya ce, "Yarinyar nan ta fi ƙarfin labarin da kuka ba ta. Ku nemo mata marubuci."

Ya faɗa mini yana dariya, sai ya tuna da wa yake magana.

Na ce, "Gaskiya ya faɗa, Oga."

Alhamis, 25 ga Disamba, da azahar

Wayata na hannuna tun asuba. Sau biyu ta yi ƙara, duk ba ita ba ce.

Ko wa ya yanka musu kaza.

Lahadi, 28 ga Disamba, ƙarfe 5 na yamma

Bayan azahar ina ɗaki Mahdi ya yi sallama. Bai saba shigo mini ɗaki ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofa, ya ce Inna ta tafi gidan Musaddiq, ba za ta dawo da wuri ba.

Ya ce, "Yaya, abin da kika cire ɗin, yana nan?"

Na ce yana nan.

"Karanta mini."

Na karanta masa. Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya ce, "Ba haka aka yi ba. Mama ta rage. Ta rufa mini asiri ne."

Na ce, "Mahdi, ba dole ba ne."

Ya ce, "Ɗauki biro. Kuma sunana za ki sa, ba na wani ba."

Na ɗauka.

Ya ce, "Rubuta, jarkar tata ce. Da safen nan ita ta aike ni in sayo mata kananzir. Ina dawowa na tarar da su a bakin layi. Wani ya ce kawo. Ba wanda ya ƙwace, Yaya. Rubuta haka. Ba wanda ya ƙwace."

Na rubuta. Ya yi ta magana har aka kira la'asar, bai tsaya ba, ni ma ban tsayar da shi ba. Duk layin da na sa a bakin matar, da muryar Nkiru nake jin sa.

Ba ta kira ba tukuna.